ƘARAR INJUNA DA LAFIYAR KUNNEN MA'AIKACI

Jawabin wayar da kai ga masu masana'antu, da manajoji, da ƙungiyoyin ƙwadago, da ma'aikata

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalinsu ga wani haɗari da ke cikin ɗakunan aiki wanda yawancin mutane ba su ɗauke shi a bakin komai ba, watau ƙarar injuna.

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, kowa zai ga jini, a ruga da shi asibiti, a rubuta rahoto. Ita kuwa ƙara ba ta fid da jini, ba ta kuma sa zafi. Kaɗan kaɗan take rage wa mutum ji, yau da gobe, har a wayi gari bayan shekara 10 ko 15 magidanci yana zaune cikin iyalinsa ana hira, shi kuwa sai kallon bakunan mutane yake yi. Wannan irin kurumta ba ta da magani a asibiti. Amma kuma tana cikin cututtukan da ake iya hana aukuwarsu ɗungum, muddin an bi matakan rigakafi bisa jerinsu, aka fara gyara daga jikin inji kafin a zo ga kunnen ma'aikaci.

Cutar da aka daɗe da sani

Likitoci sun daɗe da sanin wannan cuta. Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a shekarar 1700, ya kuma faɗaɗa shi a 1713. A ciki ya bayyana yadda maƙeran tagulla na birnin Benis ke kurumcewa saboda bugun guduma daga safe har yamma. A shekarar 1886 wani likitan kunne na birnin Gilasgo, Thomas Barr, ya gwada jin maƙera 100 masu ƙera tukwanen tururi, ya tarar galibinsu jinsu ya raunana ƙwarai. A masaƙun lardin Lankasha na Ingila kuwa, ƙarar injunan saƙa ta kai har masaƙa sun koyi yin magana da motsin leɓe kawai, domin murya ba ta isa ko'ina.

Da masana'antun zamani suka kafu a Nijeriya, kamar masaƙar Kaduna da kamfanin siminti na Nkalagu waɗanda suka soma aiki a 1957, sai wannan haɗari ya biyo injunan. Masaƙu da yawa sun rufe daga baya, amma ƙarar ba ta ragu a ƙasa ba. Tana nan a kamfanonin siminti, da na narka ƙarfe, da na lemon kwalba, da na robobi, da injunan casar shinkafa, da na tsaga katako, da na niƙa a kasuwanni. Ga kuma janareta, wanda ƙarancin wutar lantarki ya sa kusan kowace masana'anta ta girka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutane miliyan 430 a duniya na fama da raunin ji wanda ke bukatar kulawa. An kuma ƙiyasta cewa wajen kashi 16 cikin 100 na irin wannan rauni a tsakanin manya, ƙarar wurin aiki ce ta jawo shi.

Yadda ƙara ke ɓata kunne

Sauti yakan shiga ta ramin kunne ya kaɗa dodon kunne. Daga nan wasu 'yan ƙasusuwa guda 3 su ɗauki kaɗawar su miƙa ta can ciki, zuwa wani ɗan ƙoƙo mai siffar katantanwa wanda ke cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta wajen 15,000, kowace da ɗan gashi-gashi a kanta. Su ne ke juya kaɗawar zuwa saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da su kamar yadda sawu ke kwantar da ciyawa. Idan an taka ciyawa sau ɗaya, takan miƙe. Idan aka mai da wurin hanya, sai ta mutu. Bambancin kawai shi ne ciyawa na sake tsirowa da damina, amma waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu a kunnen ɗan Adam ba su sake fitowa.

Alamar farko ita ce ma'aikaci ya tashi daga aiki ya ji kunnensa ya toshe kamar an cusa masa auduga, ko kuwa ya ji wani ƙugi ko shewa a ciki. Kafin gari ya waye sai abin ya wuce, shi ya sa yakan ɗauka ba komai. Lalle kuwa gargaɗi ne kunnen ke yi masa. Ɓarnar takan soma ne daga siraran sautuka, waɗanda ke kaɗawa wajen sau 4,000 a cikin sakan ɗaya. Saboda haka sai mutum ya riƙa jin muryar mai magana sarai, amma haruffa irin su "s" da "sh" da "ts" da "f" su riƙa ɓace masa, ya kasa bambanta "sari" da "fari". Muryar mata da ta yara ita ce kan fara yi masa wuyar ganewa. Iyalinsa sukan riga shi lura, domin su ne ke ganin yana ƙure rediyo, yana kuma yawan cewa "na'am?"

Sau da yawa akan ji tsohon ma'aikaci yana alfahari cewa shi ya saba da ƙara, ba ta damunsa. Ya kamata a gane cewa kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da ya ɗauka sabo ne, kurumta ce ta riga ta kama shi.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ji kaɗai ba. Wanda bai ji ƙararrawar gargaɗi ba, ko hon ɗin motar ɗaukar kaya, ko ihun abokin aikinsa, yana cikin haɗarin rasa ransa. Likitoci sun kuma lura akwai dangantaka tsakanin daɗewa cikin ƙara da hawan jini, da gajiya, da rashin barci. Har ila yau, tururin wasu sinadarai da ake narka fenti da gam da su, da kuma dalma, sukan ƙara tsananta ɓarnar da ƙara ke yi wa kunne idan sun haɗu a wuri ɗaya.

Awon ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Raɗa takan kai kamar desibel 30, hirar mutum biyu kamar 60. Ɗakin da injunan saƙa masu ƙoshiya ke aiki yakan kai 100. Idan sauti ya doshi 130 sai kunne ya soma zafi nan take.

Lissafin desibel ya bambanta da na mudu ko na kadada, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka biyu. Idan aka ƙara 10, ya ninka sau goma. Injuna biyu da kowanne ke ba da 90, idan aka tashe su tare, za su ba da 93. Wanda bai sani ba zai ce ai ɗan ƙari ne, alhali kuwa nauyin da ke kan kunne ya ninka.

Saboda haka ɓarnar ta dogara ga abu biyu, ƙarfin ƙarar da kuma tsawon lokacin da aka yi cikinta. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar Amurka ta ba da shawara a 1998 cewa kada ma'aikaci ya wuce wannan iyaka a kowace rana:

Desibel 85: awa 8
Desibel 88: awa 4
Desibel 91: awa 2
Desibel 94: awa 1
Desibel 97: minti 30
Desibel 100: minti 15

Ma'anar wannan ita ce, minti 15 a gaban inji mai desibel 100 daidai yake da wuni guda cur a wurin da ke da 85. Inda kuma ake aikin awa 12 a rana, iyakar takan sauko zuwa kamar 83. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2003, ta wajabta wa masu masana'antu su soma ɗaukar mataki tun daga desibel 80, su tilasta kare kunne daga 85, kada kuma abin da ke shiga kunnen ma'aikaci ya wuce 87 ko ta halin ƙaƙa.

Akwai na'urar auna ƙara wadda ake riƙewa a hannu, akwai kuma wata ƙarama da ake maƙala wa ma'aikaci a kafaɗa ta wuni tana lissafa abin da kunnensa ya ɗauka. Inda babu na'ura, akwai gwajin da kowa zai iya yi. Idan mutum biyu na tsaye da tazarar mita 2 tsakaninsu, amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to ƙarar ta kai wajen 85. Idan sai sun yi ihu alhali tazarar mita 1 ce, ta kai 90 ko ta wuce.

Mataki na farko: a gyara daga jikin inji

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 148 ta shekarar 1977, ta jera matakan rigakafi bi da bi. Na farko shi ne a rage ƙarar ta hanyar fasaha. Idan wannan bai wadatar ba, a sake tsarin aiki. Sai idan duka biyun sun gaza kana a koma ga abin kare kunne. Dalilin wannan jeri a fili yake. Gyara ɗaya da aka yi wa inji zai kare duk wanda ke cikin ɗakin, dare da rana, ko ya tuna ko ya manta. Abin toshe kunne kuwa mutum ɗaya kaɗai yake karewa, shi ma sai lokacin da ya sa shi daidai.

Tun ran gini tun ran zane. Lokacin da ya fi sauƙin maganin ƙara shi ne ranar sayen inji. Ya kamata mai masana'anta ya nemi mai sayarwa ya ba shi adadin desibel ɗin da injin ke bayarwa a rubuce, ya kwatanta da na wasu, musamman idan injin na hannu ne wanda ya riga ya sha aiki a wata ƙasa. Injin da ya fi araha a ranar saye yana iya zama shi ya fi tsada a ranar biyan diyya.

Ga injunan da suka riga suka kafu, yawancin ƙarar da ta wuce kima daga rashin kulawa take. Boris ɗin da ya cinye, da haƙoran giya da suka bushe ba giris, da notin da ya kwance ya bar murfi yana karkarwa, da bel ɗin da ya saki, da zarton da ya dakushe, da tiyon iska mai yoyo, duk suna ƙara amo. Gyaransu ba ya cin kuɗi da yawa, yana kuma ƙara wa injin tsawon rai. Inda ƙarfe ke faɗawa kan ƙarfe, ko kwalba ke karo da kwalba, sai a shimfiɗa roba a magangarar, a kuma rage nisan faɗuwar. Injin da ke girgiza daɓe sai a ɗora shi a kan roba ko sifirin, don kada gini duka ya riƙa amsa masa. Duk inda iska ko hayaƙi ke fita da ƙarfi, a sa salansa.

Idan ƙarar ta ƙi raguwa, sai a killace ta. Ana gina wa inji ɗaki ko akwati mai kauri, a lulluɓe cikinsa da abin da ke shanye sauti. Amma sauti kamar ruwa yake, duk inda ya sami kafa zai bi. Idan aka bar kashi ɗaya cikin goma na bangon a buɗe, ragin da za a samu ba zai wuce desibel 10 ba, kome kaurin sauran bangon. Don haka a toshe kafofi, a riƙa rufe ƙofa, a kuma yi wa injin hanyar shan iska mai salansa don kada ya ɗau zafi. Inda injin ya yi girman da ba a iya killace shi, kamar maniƙar siminti, sai a gina wa mai kula da shi ɗan ɗaki mai tagar gilashi inda zai zauna yana lura.

Nisa ma magani ne. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara na raguwa da desibel 6. Janaretan da ke ba da 100 a nisan mita 1 zai ba da kamar 82 a nisan mita 8. Ba daidai ba ne ke nan a girka shi a bakin ƙofar ɗakin aiki idan akwai fili a bayan gini. A cikin ɗaki kuwa, rufin kwano da bangon siminti sukan mai da sauti, shi ya sa ake rataya allunan shanye amo a ƙarƙashin rufin.

Mataki na biyu: a sake tsarin aiki

Bayan an yi abin da za a iya ga injuna, sai a duba yawan mutanen da ke cikin ƙarar da tsawon lokacin da suke yi. Ba shi da amfani a zaunar da masu shirya kaya a kwali kusa da injin buga ƙarfe, alhali aikinsu bai shafe shi ba. A raba ɗakin aikin ƙara da na aikin shiru. Aikin da ya fi ƙara a yi shi lokacin da mutane suka fi ƙaranci. A riƙa karɓa-karɓa a wuraren da ƙarar ta fi tsanani, bisa lissafin awoyin da aka ambata a baya. A tanadi wurin cin abinci da hutawa nesa da injuna, don kunne ya sami sararawa. A kuma kafa alama a ƙofar duk ɗakin da ya kai desibel 85, da hoto da kuma rubutu cikin harshen da ma'aikata ke ji.

Mataki na uku: abin kare kunne

Iri biyu ne aka fi sani: toshin da ake cusawa cikin ramin kunne, na soso ko na roba, da kuma murfin da ke rufe kunne duka mai maɗauri bisa kai. Haƙƙin mai masana'anta ne ya ba da su kyauta, ya sauya su idan sun lalace, ya kuma bar ma'aikaci ya zaɓi wanda ya dace da shi, domin a ƙasa mai zafi murfi kan tara gumi har mutum ya gaji ya cire. Busasshiyar auduga ko tsumma ko takarda ba su tare wata ƙarar kirki, sai dai su ruɗi mai su ya zaci ya tsira.

Toshin soso yana da yadda ake sa shi. A wanke hannu, a murza shi har ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bisa kai a ja kunnen sama da baya, a cusa, a riƙe da yatsa kamar sakan 30 har ya kumbura ya cika ramin. Idan ya zauna daidai, mutum zai ji muryarsa ta yi kauri a cikin kansa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a cire shi a cikin ƙara. Toshin da ke rage desibel 30, idan aka cire shi na awa 1 kacal cikin awa 8, amfaninsa na wunin bai wuce desibel 9 ba. Kada kuma a wuce gona da iri. Abin da ake nema shi ne sautin da ke isa kunne ya tsaya tsakanin 70 da 80, don ma'aikaci ya ci gaba da jin gargaɗi da maganar abokan aikinsa. Manaja da shugaban ma'aikata su ma su sa nasu duk lokacin da suka shiga ɗakin, domin na ƙasa da na sama yake koyi.

Gwajin ji

Ya kamata a gwada jin kowane ma'aikaci lokacin da aka ɗauke shi, bayan kunnensa ya huta daga ƙara aƙalla awa 14, a adana sakamakon. Daga nan a riƙa maimaitawa shekara shekara ga masu aiki cikin ƙara mai yawa. Gwajin ba shi da zafi, kuma yana nuna ɓarna tun kafin mai ita ya farga. Idan aka ga jin mutum ya soma sauka, alama ce cewa akwai inda rigakafin ya gaza, sai a koma a bincika injin da tsarin aikin. Kuskure ne babba a mai da sakamakon gwaji hujjar korar ma'aikaci, domin yin haka zai sa saura su riƙa ɓoye larurarsu.

Abin da doka ta tanada

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta yi wa masana'antu rajista, ta kuma ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga su duba yanayin aiki. A 1994 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 a kan lafiya da tsaron ma'aikata. A 2009 an fitar da ƙa'idojin ƙayyade ƙara na ƙasa, waɗanda hukumar NESREA ke kula da su, kuma sun shafi masana'antu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta ambaci raunin ji ƙarara cikin larurorin da ake biya wa diyya. Asusun NSITF ne ke gudanar da ita, da kuɗin da masu ɗaukar ma'aikata ke zubawa, kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya, ba tare da sun cire shi daga albashin ma'aikaci ba. Duk wanda ya ga alamar jinsa na raguwa saboda aiki, ya sanar da shugabansa a rubuce, ya ga likita, ya kuma shaida wa wakilin ƙungiyarsa.

Sai dai diyya, kome yawanta, ba ta mai da ji. Na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne tana taimakawa, amma tana da tsada, kuma ba ta kai kunnen da Allah ya halitta ba.

Kammalawa

Ana roƙon kowane mai masana'anta ya zagaya ɗakunan aikinsa cikin wannan mako, ya yi gwajin nan na mita 2, ya rubuta injuna uku da suka fi ƙara, ya sa makanikai su soma da su. Ana roƙon ƙungiyoyin ƙwadago su sa batun ƙara cikin abin da suke tattaunawa da hukumar kamfani, kamar yadda suke sa batun albashi. Shi kuma ma'aikaci ya kai rahoton duk injin da sautinsa ya sauya, ya sa abin kare kunnensa tun daga bakin ƙofa, ya kuma koya wa sabon shiga. Ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, lokaci ne mai kyau da kowace masana'anta za ta sa wa kanta don auna ƙara da gwada jin ma'aikatanta.

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, domin ta kunne ne labarin magabata ke isowa ga na baya. Ma'aikacin da ya ba ƙasarsa ƙarfinsa shekara 30 ya cancanci ya koma gida da jinsa, ya ji kiran salla ko ƙararrawar coci, ya ji tambayar jikansa ya ba shi amsa. Allah ya ba da ikon kiyayewa, ya kuma kare ma'aikatan Nijeriya baki ɗaya.